Hannun Magagi

Faɗan da na yi da Magagi wanda har yau tsofaffin Filinge ke tuna mini, a kasuwar Baleyara anka yi shi, kuma a kan akuya ne. Shekara arba'in ke nan ko fiye. Ina da wata jar akuya da maigidana, Allah ya jiƙan shi, ya ɗora ma ido don sunan ɗan ƙanenai. Ni kuwa tawa ce, ƙuli-ƙulina ya saye ta. Na ce mishi za ni dubiyar mara lafiya, na sa akuya a motar kasuwa daga bayan gari, na lulluɓe har hanci yadda ko uwata ba ta gane ni.

Ina shiga kasuwa ashe Magagi na zaune gindin wata bedi da gitarshi. Bai ga fuskata ba, tahiyata ya gani. Sai na ji takena ya tashi, kiɗan nan da ya ƙaga mini tun ina budurwa, wanda duk ƙasarmu ta Kurfai an san nawa ne. Mahauta sunka juyo, dillalai sunka juyo, wani ya ce, "Husaina ta Filinge ta iso, da akuya." Kafin in koma gida labari ya riga ni, har da farashin.

Na tsaya kanshi na zage shi tas, na haɗa da kakanninshi na wajen uba, tunda na wajen uwa namu ne tare. Na ce, "Kai ɗan mace, wanga hannu naka zai kashe mutum wata rana."

Ya yi dariya ya ce, "Uwar ɗakina, ba ni na kaɗa ba. Hannun ne ya gan ki, ni sai daga baya na ji."

Na ɗauka rainin wayo ne. Gaskiya ya faɗa mini, ban gane ba sai da na tsufa.

Ni ban shiga lakkwal ba, jikata Basiratu ke rubuta wannan. Na sa ta ne don tun da Magagi ya rasu mutanen radiyo ke zuwa suna tambaya, kuma waɗanda ba su taɓa ba shi ruwan sha ba su ne ke amsawa. Ni taubashiyarshi ce. Uwatai ƙanwar babana ce, ta auri Dodo mai molo ba da son danginmu ba. Tare munka yi rarrafe da Magagi, na san shi tun ba shi da wando.

Dodo makaɗin manoma ne, shi ake kira ranar gayya ya bi bayan masu noma da molo. Gidansu suna da wata ƙa'ida tasu da ban san ko wasu makaɗa na bi ba. Duk wanda sunka so, suna yi mishi take nashi shi kaɗai. Ba a kaɗa taken mutum sai shina wurin. In ya shigo a tarbe shi da shi, in ya fita a bari. Ranar da ya mutu kuma a kaɗa shi sau ɗaya, a hankali, a kan tsirkiya mai kauri, in an kai ƙarshe makaɗi ya kifa tafin hannunai bisa tsirkiyoyi. Sai a ce an binne take. Daga ranar ba a sake taɓa shi.

Shekarar da hatsi ya ƙi har mutane sunka tone gidan tururuwa, Magagi ya tahi cin rani bakin teku. Shekara shida shina dako a tashar jirgin ruwa. Samarin da sunka tahi tare sunka dawo da atamfa da keke da radiyo. Shi ya dawo da gita a buhun shinkafa, ko ɗankwali bai riƙo ma uwatai ba. Na tambaye shi ko ita za a dafa. Ya cire mata tsirkiya biyu ya bar huɗu, ya ɗaure su yadda ake ɗaure molo. Sannan ya fasa kwalbar magani, ya goge wuyanta da dutse har ya yi santsi, ya zura a ƙaramin yatsa. In ya ja wuyan kwalbar nan bisa tsirkiya sai abin ya yi wani kuka, irin na macen da ba ta son a ji ta daga bayan zana. Wani madoki, ɗan dako irinshi, da sunka kwana ɗaki ɗaya can ya nuna mishi, in ji shi. Bai taɓa faɗin sunan mutumin ba, ya ce ya faɗa ruwa.

Dodo ya ƙi saurare shekara biyu. Ya ce katakon Turawa ba shi da ciki. Amma ranar da Dodo ya rasu, da gitar nan Magagi ya binne taken ubanai a ƙofar gida, kuma na ga dattawan da ko a jana'izar ɗiyansu ba su zubar da hawaye ba suna share ido da hannun riga.

Daga nan ne sunanshi ya fita. Wani mutumin radiyo ya zo daga Yamai ya ɗauki kiɗan, anka yi kaset, direbobin hanyar Baleyara sunka riƙa sa shi har fasinja ya haddace. Samari a Yamai sunka shiga fasa kwalabe, asibiti ta ga yatsu. Wasunsu an ce har ƙasar Turawa suna kaɗawa irin nashi, suna kiran shi baba a gaban taro. Ban ga ɗaya da ya taɓa sauke mishi buhun gero ba. Shi kuwa gonarshi shike nomawa, da rani ya gyara kekuna a bakin tasha. Na taɓa ce mishi ai ga ƙa'idar gidanku ta mutu, tunda radiyo na kaɗa taken mutum ko shina bayan gida. Ya ce radiyo ba ta da tarbiyya, amma hannunai na da ita. Kuma kowa ya san haka ne. In ka ji take daga hannun Magagi, to mai shi na tsaye kusa.

A duk takenshi babu wanda ya kai na ɗana Tahiru. Ranar da Tahiru ya zama mushe, malamin lakkwal na farko a danginmu, Magagi ya yi mishi shi. Kiɗa ne mai tsalle, in ya fara ko kana fushi sai ka ji ƙafarka na motsi. Da salula ta zo anka sa shi ciki, makiyayi na da shi, soja na da shi, mai shayi na da shi. Ina alfahari da abin nan kamar ni na kaɗa. Da na san inda zai kai mu, da na fasa gitar tun tana cikin buhu.

Tahiru na koyarwa a wani ƙauye bayan Sanam lokacin da masu babura sunka fara shigowa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan faɗi nasu ba. Da rana tsaka sunka zo, sunka tara littattafai tsakar fili sunka sa wuta gaban yara. Sunka ce ma Tahiru yau an bar shi da ranshi, amma in anka sake ganin ƙafarshi a ƙasar nan, ko wucewa ce, ba za a yi magana ba. Ya gudu Yamai da rigar jikinshi.

Matsalar ita ce matarshi Sakina na da ciki. Shekara tara suna jira, har na gaji da kai ta wurin masu magani. Ciki na fari kuma gidan iyaye ake haihuwarshi, iyayenta kuwa ƙauyensu bai fi tahiyar hantsi ba daga inda anka ƙone littattafan. Ta haifi namiji. Kwana uku da haihuwa Tahiru ya kira ni ya ce shina zuwa suna.

Na roƙe shi, na zage shi, na ce zan ɗaga mishi nono. Ya ce, "Inna, shekara tara. Fuskarshi kawai zan gani. Zan naɗa rawani kamar makiyayi, in shigo a amalanken jaki, ko baban Sakina sai ya duba sau biyu."

Na ce ma Malam Hamidu, baban Sakina, a hana Magagi zuwa. Ya ce, "Hajiya, wane suna anka taɓa yi a danginku babu Magagi? In bai zo ba za a tambayi dalili, kuma mutanen ga suna da kunne a kowane taro." A lokacin lakkwal ce masu baburan sunka hana, kiɗa cewa sunka yi a rage.

Sai na tahi wurin Magagi na same shi shina liƙin taya. Idonshi ya riga ya yi hazo, inuwar mutum kawai shike gani da yadda take tahiya. Na faɗa mishi komai. Na ce, "Ka tuna akuyata?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye tayar ya ce, "Ku zaunar da ni in ba ƙofa baya. Abin da ban gani ba hannun ba zai gani ba."

Na ce, "In ka kashe mini ɗa, da haƙorana zan cire yatsun nan."

Ya ce, "Haƙora nawa sunka rage miki, uwar ɗakina?"

Ranar suna da safe anka raɗa, anka yanka rago, anka raba dabino da goro. Magagi na zaune kan tabarma a ƙofar gida, fuskarshi ga zana, bayanshi ga hanya, shina kaɗa taken Malam Hamidu ƙasa-ƙasa. Ni ina daga ciki, bakin zanar, da ƙwaryar dabino a hannu, ina leƙen hanya ta wata kafa. Nan na ga babur ya tsaya gindin gawo. Mutum biyu sunka sauka, fuskokinsu a naɗe, ɗaya babba ɗaya bai wuce shekara ashirin ba. Akwai wani dogon abu ɗaure a gefen babur cikin bargo. Ba wanda ya gayyace su, ba wanda ya tambaye su. Anka matsa musu a tabarma, anka miƙa musu goro.

Na so in aika a tare Tahiru a hanya, to wa zan aika da ba zai sani ba? Ina cikin haka amalanken ya tsaya. Tahiru ya sauko da rawani baƙi da sanda a kafaɗa, wallahi da ba ni na haife shi ba da na ce wani Buzu ne mai neman saniyarshi. Baƙin nan sunka dube shi sau ɗaya sunka kau da kai. Na fara jin numfashina na dawowa.

Mun yi dabarar ido, mun manta da kunne. Tahiru tun shina yaro ya faɗo daga kan rumbu, ƙafarshi ta hagu tana ɗan jan ƙasa. Ba a gani sosai, amma takalmi na yin wani ɗan sauti a yashi. Shekara arba'in Magagi na jin sautin nan na shigowa gidanai.

Ban san ko sau nawa yatsun sunka taɓa tsirkiya ba, huɗu ko biyar. Ya isa. Taken Tahiru ne, farkonshi mai tsallen nan, wanda jariri ma ya sani a ƙasar ga. Wurin ya yi tsit. Na ga wuyan Magagi ya sandare, shi kanshi a lokacin ya ji abin da hannunai ya yi. Tahiru ya tsaya cak tsakanin mutane. Fitsari ya kusa kubce mini, ba zan ɓoye ba.

Babban cikin baƙin ya cire goro daga baki. A hankali ya yi magana, kamar mai tambayar farashin gero. Ya ce, "Tsoho, ba kai ne anka ce ba ka kaɗa taken wanda ba shi nan ba?"

Ƙaramin ya miƙe ya fara bin fuskokin mutane ɗaya-ɗaya.

Magagi bai tsaya ba. Na ga babban yatsanshi ya sauka kan tsirkiya mai kauri. Kiɗan ya ja baya, ya yi nauyi, wuyan kwalba ya fara kukan nan. Take ɗaya ne, amma an cire mishi tsalle. Ni na riga kowa ganewa, don na ji irinshi ranar Dodo, na ji ranar maigidana. Binne shi shike yi.

Ya ɗaga fuska wajen zanar da ya san ina bayanta, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Husaina, ki yi haƙuri. Jiya labari ya iske ni daga Yamai. Na rasa bakin da zan faɗa miki a gidan suna."

Ɗana na tsaye da ranshi, taki goma daga inda nike. In na yi shiru an gane ƙarya ce. In na yi kuka, na yi kukan mutuwar ɗan da ke numfashi, kuma ban san wa ke saurare a sama ba. Ban yi tunani mai tsawo ba. Na saki ƙwarya, dabino ya watse, na faɗi ƙasa na kira sunanshi da duk ƙarfin da ke ƙirjina.

Ban yi ƙarya a kukan nan ba, shi ne abin da ke ba ni tsoro har yau. Da na buɗe baki sai ya zo da gaske, kamar dā can shina jira. Matan da ba su san komai ba sunka kama, uwar Sakina ta some, anka yi ta zuba mata ruwa. Sakina na ɗaki da jariri, ta san gaskiya, ta cusa zane a baki. A waje liman ya ɗaga hannu, maza sunka ɗaga. Ta kafar zana na hangi Tahiru, tafukanshi a sama, shina shafa fatihar kanshi tare da mutane.

Magagi ya kai ƙarshe ya kifa tafin hannu bisa tsirkiyoyi.

Babban baƙon ya mai da goro baki ya ce, "To. Ya huta, mu ma mun huta." Ƙaramin ya koma ya zauna.

Kuma ba su tahi ba. Sunka jira nama. Har rana ta take suna zaune, anka kawo tuwo, Tahiru na tabarma ta biyu shina ci don kada a ce me ya hana shi. Baƙon makiyayi ba shi shiga wurin mata, balle gidan da anka yi rasuwa. Da azahar ya hau amalankenshi ya juya. Bai ga fuskar ɗan ba. Sai bayan arba'in ya gan shi, da Sakina ta ce za ta kai maraya wurin dangin ubanai.

Kwana bakwai na zauna a Filinge ina karɓar gaisuwa. Mutane na shigowa suna cewa Allah ya jiƙan shi, ina cewa amin. Kowace amin sai na ji kamar na ƙara tura shi rami da hannuna. Na je wurin malami na faɗa mishi a ɓoye, ya ce ceton rai ne, babu laifi, in yi sadaka. Na yi, na sake yi. Amma malami bai ji kukan da na yi ba. Yanzu Tahiru ya yi nisa da iyalinshi, inda babur ba shi kaiwa, ƙauyen su Malam Hamidu kuma ya watse, shi ya sa nike iya faɗi. Duk da haka in salula ta yi ƙara ba ni ɗauka, sai Basiratu ta ɗauka ina kallon bakinta.

Magagi bai sake kaɗawa ba. Da munka dawo ya kwance tsirkiyoyin huɗu ya naɗe, ya rataye gitar tsirara a bango. Samarin Yamai sunka zo da mota su ɗauke shi wani taro, ya ce musu yatsunshi na ciwo. Ba ciwo suke ba, tsoronsu shike. Na sha ganin shi a bakin tasha ya danne hannun dama ƙarƙashin cinya in ya ji tahiyar wanda ya sani. Tahiru ya kira shi sau ɗaya ya ce, "Kawu, ko kaɗan ne ka kaɗa mini ta salula, yaron ya ji." Ya ce, "Ba ka nan, kuma an binne. Wanne zan karya?"

Ni kuma wata shida ban yi mishi magana ba, bayan nan ma sai gaisuwa kawai. Na san shi ya fitar da mu, na kuma san shi ya jefa mu, in na gan shi ban san wanne zan fara faɗi ba, sai in wuce.

Daminar bara ya kwanta. Na je da la'asar na same shi kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame har wuyan kwalbar da ke rataye a wuyanshi ya fi shi nauyi. Ya ji tahiyata tun daga ƙofa. Na ga yatsunshi sun fara motsi bisa tabarma, babu gita, babu sauti, amma na san takena ne.

Ya ce, "Uwar ɗakina, kin zo cire yatsun?"

Na ce, "Haƙoran sun ƙare."

Sannan ya ce, "Wa zai binne nawa? Ni ban taɓa yi ma kaina ba." Can ya ce, "Husaina, ina tsoro. Na kira mutuwa a kan yaron ga a gaban liman. Kullum ina jin kamar tana nemanshi da sunan da na ba ta."

Ashe abin da ke hana ni barci shi ke hana shi. Shekara ɗaya da rabi kowa na ɗauke da nashi, gida uku tsakaninmu. Na zauna na kama hannun nan, karo na farko tun muna yara. Sanyi gare shi, kuma bai daina motsi ba. Kwana biyu bayan nan ya cika, ban sake ganin shi ba.

Abin da na ce mishi kafin in tashi shi ne, "Ka saurare ni, ɗan mace. In ka isa can za ka tarar da waɗanda ka sani da yawa, babanka na nan, maigidana na nan, ka kaɗa musu duk abin da kake so. Amma in ka ji wani na jan ƙafar hagu a bayanka, ka danne hannun nan. Ba Tahiru ba ne. Tahiru bai zo ba, kuma kada ka kira shi."